Gaisuwar Suruki a Kan Keken Tsere

Har yau keken yana rataye a ɗakin ajiyarmu a garin Laurel na Amurka, tayoyin sun sace, sarƙar ta yi tsatsa. Uwar yarana ta ce in sayar ko in kyautar, na ce a bar shi nan. Ba wai sonsa nake yi ba. So nake duk wanda ya shiga ɗauko buhun shinkafa ya buga goshi da feda, ya fito yana tambaya, ni kuma in ba shi labarin yadda ya faru, don wanda ake yawo da shi a gidajen suna ba cikakke ba ne.

Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Daga nan na kama dakon ƙanƙara a Kano, a kan keke, daga Sharaɗa zuwa wajen masu zoɓo da lemo a cikin gari. Shekara shida ina yi. Wanda bai yi sana'ar nan ba ba zai gane ba. Kayanka na narkewa a bayanka, ruwan na bin ƙafar wando, rana na dukan ƙeya. Abu ɗaya aikin ya koya mini: ka taka, kada ka waiwaya, kada ka jira kowa.

Ƙuri'ar biza ce ta kawo ni Amurka, na samu gadi a wani babban sito a Laurel. A nan na yi aure. Matata marainiya ce, baffanta ne ya riƙe ta, likitan ƙoda ne mai katafaren gida can gaba da garin Wheaton. Baba nake ce masa. Ita ta ce ni take so, shi kuma ya amince irin yadda mutum yake miƙa hannu a yi masa allura. Bai taɓa zagina ba, kada in yi masa ƙarya. Abin da yake yi shi ne, duk taron da aka haɗu, sai ya bi layi yana gabatar da mutane: wannan injiniya ne, wannan farfesa, wannan yana bankin kaza. In ya iso kaina sai ya ɗan sassauta murya.

"Wannan mijin 'yata ne. Yana gadi."

Shekara tara ina jin wannan. Abin da nake nema a wurin mutumin nan bai taka kara ya karya ba. So nake rana ɗaya ya zo kaina ya faɗi wani abu daban.

Ina da shekara talatin da tara matata ta matsa mini na shiga ƙaramar kwalejin gundumarmu, koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Motar tana hannunta saboda yara, don haka da wani tsohon keke nake zuwa aji in na tashi daga aiki. Wata ranar Laraba, a kan wani hawa, na tarar da wasu yara su bakwai cikin matsattsun kaya masu launin aku, suna nishi kamar masu naƙuda. Na makara, sai na wuce su, da kakin gadina da kular abinci ɗaure a baya. A fitilar kan hanya ɗaya daga cikinsu ta cim mini, wata siririyar Baturiya mai karatun jinya, tana haki har ba ta iya haɗa magana. Da ta samu numfashi ta tambaye ni ko ɗalibi ne ni. Na nuna mata katina. Ta ce ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar keken makarantar, kuma dokar gasar kwalejoji cewa ta yi mutum ya zama cikakken ɗalibi, ba ta ce komai a kan furfura ba.

Suka ara mini keke mara nauyi, da yatsa biyu nake ɗaga shi. Suka ba ni takalmi mai maƙalewa a jikin feda, sai ka murɗa diddige waje kafin ƙafa ta fita. Sau uku ina faɗuwa a filin ajiye motoci kafin na koya, ko in ce kafin na ɗauka na koya. Sai wando. Ban san yadda zan kwatanta wandon nan a rubuce ba tare da na zubar da mutuncina ba. In ka sa shi, duk abin da Allah ya rufa maka asiri a kai, ya zama labarin unguwa. Suka ce kuma in aske gashin ƙafa. Na ce nan fa aka zo iyaka.

Irin tseren da aka sa ni kirit suke ce masa. Ba tafiya ake yi daga gari zuwa gari ba. Titi ake rufewa mai kwana huɗu, wajen kilomita ɗaya, a yi ta zagayawa kamar raƙumin ban ruwa, rabin awa ga irinmu na rukunin ƙasa. Alƙali yana kan layi da allon da ke nuna zagayen da ya rage, in saura ɗaya ya kaɗa ƙararrawa. Kyaftin ta zaunar da ni ta zana mini komai a bayan takardar jarrabawa. Ta ce iska ce abokiyar gabarka, ba mutane ba. Na gaba shi ke shan iska, na bayansa hutawa yake yi ana jan sa. Saboda haka ka shige cikin garke, ka laɓe a na biyar ko na shida. Kada ka ja birki a kwana, don akwai mutum talatin manne da tayarka. Kada ka saki hannu. Ka bar masu zafin kai su ƙone a gaba, in an kaɗa ƙararrawa ka fito ka kwashe.

Na ce mata a garinmu wannan sunansa mutuwar zuciya. Ƙato ya laɓe a bayan ƙato, a yi masa aiki, in an gama ya zo ya ɗauke tukwici. Ta ce ita ba ta san garinmu ba, amma a nan haka ake ci.

Tsere biyu na farko na yi irin na mai ƙanƙara. Na fita gaba na ja su kamar jakin kai amarya, a zagayen ƙarshe suka wuce ni duka, har da wani mai tumbi da ke karatun lissafi. A na uku na danne zuciyata na laɓe, na zo na shida ban ma yi gumin kirki ba. Kyaftin ta ce ƙafar cin tsere tana jikina, matsalar daga wuya zuwa sama take.

Ana haka aka yi wani suna a Wheaton. Baba ya bi layinsa kamar kullum, ya iso kaina ya faɗi abin da ya saba. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na buɗe baki a gaban farfesoshi na ce ai yanzu ni ke wakiltar kwalejinmu a gasar jami'o'i, ranar Lahadi ma za mu kara da manyan makarantun Washington a nan kusa da wajen aikina. Ban ambaci keke ba. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce to madalla, za su zo su gani. Na ɗauka irin maganar manya ce da ake faɗa a tashi a bar ta a kan tabarma.

Ranar Lahadi da hantsi muna jere a kan layi, mu talatin da wani abu, a unguwar sito-sito, duk ƙofofi a rufe. Akwai ɗan makarantarmu guda ɗaya tare da ni, wani shiru-shiru mai gilashi. Kyaftin ta riga ta yi nata tseren na mata, tana tsaye bakin layi. Ta riƙe kan kekena ta ce yau ranata ce, in laɓe kawai. Na ce na ji. Aka busa.

Kwana ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya, ta uku lafiya. Ina tsakiyar garke, a na shida, kamar yadda aka zana a takarda. Muna doso ta huɗu, wadda daga ita sai miƙaƙƙen titi zuwa layi, na hango wata bishiya a bakin hanya. A inuwarta ga kujerar naɗewa. A kan kujerar ga farar babbar riga ta sha guga, ga hula zanna. A gefe matata ce tsaye riƙe da filas ɗin shayi.

Abin da ya fara zuwa raina wandon ne. Na biyu kuma gaisuwa.

Mu dai yadda muka taso, ba ka wuce babba a kan keke. Sauka kake yi, ka tura, ka rusuna, ka gaisa, sai ka yi nisa ka sake hawa. Wannan ga kowane dattijo ke nan, balle suruki, balle wanda ya ba ka aure. Ni kuwa ga ni a tsakiyar Turawa talatin, ƙafafuna a kulle, gudun da muke yi ya kai na mota a cikin unguwa. Na ɗan sunkuyar da kai na yi gunaguni, muka wuce fuu. Da wutsiyar ido na ga Baba ya juya ya ce wa matata wani abu, ita kuma ta sunkuyar da kai. Shekara tara da aure, na san wannan sunkuyawar.

A zagaye na biyu na fito gefen garke, ɓangaren bishiya, na ɗan taɓa birki. Wani dogo daga wata babbar jami'a, mai keken da ya fi motata tsada, saura ƙiris ya hau bayana. Ya ɗura mini ashar da Turanci, har da uwata a ciki. Wani ma ya ƙara. Baba yana jin Turanci fiye da su. Ka ga an samu ci gaba: da ban gaishe shi ba ne kawai, yanzu an zagi uwata a gabansa.

A zagaye na uku na yi tunani irin na mai aji uku. Matsalar ita ce mutane a bayana. In babu kowa a bayana, zan ja birki yadda na ga dama. Saboda haka muna fita daga kwana ta biyu na miƙe a kan feda na tsinke da gudu, irin gudun da nake yi in ƙanƙara ta fara zuba a Ƙofar Nassarawa. Na ba su rata mai kyau. Na iso bishiya ni kaɗai, na rage gudu, na dafa ƙirji da hannun dama, na rusuna iyakar yadda sirdi ya bari.

"Baba, an tashi lafiya?"

Babban mutum ba ya amsa gaisuwa da gaggawa. Sai da ya ajiye kofin shayi, ya gyara hannun riga. Kafin ya buɗe baki garke ya iso ya haɗiye ni. Muka wuce ta kan layi, kyaftin tana daka tsalle tana ihu in koma ciki in laɓe, me nake yi haka.

To gaisuwar da ba a amsa ba ai ba a yi ta ba. Zagaye na huɗu na sake tsinkewa a daidai wurin, na iso bishiya, Baba ya ce lafiya ƙalau. Na samu na jefa ina gajiya kafin su iso. A na biyar ya ce ba gajiya, na tambayi iyali. Haka muka jera. Tambaya a wannan zagaye, amsa a na gaba. Aiki, sanyi, ƙafarsa da ke ciwo, Hajiya, yaran da ke karatu a wata jiha ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya tambayi nawa yaran, waɗanda ya baro a gidansa da safen nan suna kallon talabijin. Ruwa kuwa ban sha ba, don ba zan ɗaga gora in kafa kai a gaban suruki ba, sauran zagayen kuma gudu nake yi.

Abin da ban sani ba, su can baya hankalinsu ya tashi. A wajensu duk wanda ya fita daga garke hari ya kai, dole a bi shi. Dogon nan mai ashar shi da abokansa uku suka ɗauki abin da zafi. Duk fitar da na yi sai sun biyo ni da dukkan ƙarfinsu, su zo su tarar da ni ina tafiya a hankali hannu a ƙirji ina magana da wani tsoho. Sau takwas ko tara suna haka. Na ji ɗayansu yana tambayar ɗan'uwansa ko tsohon nan kocina ne, wane irin umarni yake ba ni. Daga baya harsunansu suka zazzago. Na fita, ba wanda ya motsa. Na ji dogon ya ce a ƙyale mutumin nan, zai tsaya da kansa a bishiya.

Suka ƙyale ni. Ni kuma gaisuwa ta kusa ƙarewa, amsoshin Baba sun koma gajeru, ban cika rage gudu ba. Da na ɗaga kai na kalli allon alƙali, saura uku. Na waiwaya, abin da ban taɓa yi ba a sana'ar ƙanƙara. Titi fayau. Garken yana can baya, bai ma fito daga kwana ba. Kyaftin da ta yi minti ashirin tana cewa in koma, yanzu ta shigo har bakin titi tana kaɗa hannu biyu in tafi, in tafi, kada in tsaya.

Wallahi a lokacin na ga abin a idona. Na ga gidan suna, na ga Baba ya biyo layi ya iso kaina, ya ce wannan mijin 'yata ne, shi ya ci gasar jami'o'i. Ko keken ma ba sai ya ambata ba.

Da na yi shiru da bakina, da shi ke nan. Amma na doso bishiya, ga Baba yana kallona, ga ni ni kaɗai babu uzurin kowa a baya, kuma wucewa shiru ta yi mini nauyi. Na laluba cikin kaina, gaisuwa ɗaya ta rage ban yi ba. Na ce ya mutanen gida, ana jin labarinsu?

Na zagayo. Saura biyu a allo, na sake isowa bishiya. Baba ya miƙe tsaye daga kujera, ya sa hannu a gefen baki don in ji da kyau.

"Suna lafiya. Sai dai an yi mana rashi."

Na ce innalillahi, iska ta kwashe sauran. Ina isa layi aka kaɗa ƙararrawa.

Minti ɗaya da rabi gare ni in yi shawara, kuma na yi ta tsaf. Daga bishiya zuwa layi bai fi taku ɗari biyu ba. In wuce, in ci, in juyo, in sauka, in cire takalmi, in durƙusa in yi ta'aziyya irin wadda ake yi. Duka-duka minti biyu. Wanda ya rasu ya riga ya rasu, ba inda za shi. Ko malamin da ya fi kowa tsanani ba zai ce na yi laifi ba. A kwana ta biyu na ƙara wa keken giya. A ta uku na ji ƙafafuna kamar na ɗan shekara ashirin.

Na karyo ta huɗu, sai na ga Baba ya tako har bakin kwalta. Ya ji innalillahin da na yi, ya ɗauka an buɗe zaman ta'aziyya. Ya ɗaga tafukansa biyu sama, ya sunkuyar da kai, yana jiran in iso a shafa.

Ni ban ja birkin nan ba. Na sha faɗa wa matata, na faɗa wa kyaftin, ba wanda ya yarda. Yatsuna ne suka ja, ni ina kallonsu. Keken ya tsaya cak a gabansa. Na zo sauke ƙafa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na manta da murɗa diddige. Na tsaya a sama kamar daƙiƙa ɗaya, daga nan na tafi a hankali, a hankali, ta gefen dama, na zube a gaban takalmansa da keken a tsakanin cinyoyina, wandon nan yana kallon sama.

Daga nan ƙasa na ce Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri. Baba ya ce amin, amin, ya ja addu'a. Muna tsakiyar Fatiha garke ya wuce, iskarsu ta ɗaga masa gefen riga. Bai ko ɗaga ido ba.

Ɗan makarantarmu mai gilashi ne ya ci. Tun da aka fara yana laɓe a baya, iska ko gaishe shi ba ta yi ba, su dogo kuma na riga na tatse su. Kyaftin ta zo da gudu tana dariya har da hawaye, ta ce ba ta taɓa ganin dabara irin wannan ba, hari a wuri ɗaya sau goma don a share wa ɗan'uwa hanya, sai dai faɗuwar ce ba ta gane amfaninta ba. Na ji an ce har bayan na bar makarantar tana koya wa sababbi. Ni na tura kekena na tsallaka layi a ƙafa, alƙali ya riga ya fara naɗe allonsa.

A mota na tambaya ko wane ne ya rasu. Wani ƙanin kakar Baba ne ta wajen uwa, a wani ƙauye bayan Bichi, wanda ya haura shekara casa'in da biyar. Sati uku da rasuwar. Matata ta ce ai ta kira a waya tun lokacin ta yi gaisuwa a madadinmu mu biyu, ta ma faɗa mini ina cin tuwo na ce to. Baba ya kama gwiwar hannuna da ta kuje, ya juya ta, ya ce ba komai, a wanke da sabulu. Sai ya gyara zama ya ce shi fa wasan ya burge shi. Ya ce yaron nan mai gilashi zai yi nisa a rayuwa, ya lura da shi tun farko, ya samu wuri ya laɓe ya bar wasu suna wahala. Ya ce ni kuma me ya sa nake ta gudu a gaba ni kaɗai kamar wanda ya ɗauko abin mutane, ba wanda ya koya mini ne?

Ban sake samun rana irin wannan ba. Zangon karatu ya ƙare, na faɗi jarrabawar wayoyin lantarki, na koma rabin ɗalibi, doka ta fitar da ni daga gasa. Keken ma da suka ara mini cewa suka yi in riƙe, don faɗuwar ta lanƙwasa masa wani ƙarfe.

Bayan wata biyu aka yi wani sunan, a Wheaton ɗin dai. Baba ya biyo layi. Injiniya, farfesa, mai banki. Ya iso kaina, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Muryarsa ma bai sassauta ba, ɗaga ta ya yi har na bayan ɗaki suka juyo.

"Wannan mijin 'yata ne. Yana gadi. Amma ladabi, ban ga irinsa ba a ƙasar nan. Ana tsakiyar tsere ya jefar da kansa ƙasa don ya yi mini ta'aziyya."

Aka yi ta madalla. Wani farfesa ya kira ɗansa ya ce ya zo ya ga mutumin kirki. Na jira Baba ya ƙara da cewa ni ne a gaba a lokacin, da rata mai yawa, saura taku ɗari biyu. Ya riga ya wuce wajen na kusa da ni, wani likitan haƙori.